Cokalin Labaran

Labaran mai gyaran risho da tukwane ne a unguwar Zahir. Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Mutumin Ringim ne, ya zo Makka tun yana da baƙin gashi, ya rasu yana da furfura, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ya ɗaga wa mutum murya ba. Ni ne Kabo, mai wankin bas a tashar Kudai, aboki gare shi na shekara goma sha ɗaya. Masifar da bai iya yi ba, ni na iya.

Cokali ne ya haɗa mu. Bayan aikin Hajji, idan bas-bas suka dawo daga Muzdalifa, nakan tsinci ƙananan cokulan shayi a ƙarƙashin kujeru. Wata rana na kai masa rishona, ya hango su a aljihuna.

"Malam, waɗannan fa, ina za ka kai su?"

"Gida. Yara su sha koko."

"Ba ni biyu, in kawo maka kifi."

Na ɗauka zolaya ce. Ashe Labaran ɗan masunta ne, ya tashi a bakin kogi, Allah ya kawo shi garin duwatsu. Duk Asabar yakan bi mota zuwa Shu'aiba, bakin tekun da mutanen Makka ke zuwa kamun kifi. A can kowa na amfani da kifin roba mai laushi, wanda ake sakawa a ƙugiya. Shi sai ya yanke bakin cokali da almakashin ƙarfe, ya goge da magagari har ya yi siriri kamar ganyen zogale, ya huda, ya ɗaura a ƙarƙashin cikin kifin robar da 'yar waya. Daga ƙarshe ya ɗan murɗa ƙarfen da babban yatsansa. Murɗawar nan ita ce aikin. Idan aka ja zare, ƙarfen ya dinga wulwulawa yana walƙiya, kifin hamur da ke kwance cikin duwatsu ya fito ya cafke. Ranar Lahadi kuwa sai ga Rabi, matarsa, ta aiko min da soyayyen kifi.

Motar da yake bi ta Hisham ce, mai shagon turare. Iyayensa Hausawa ne da suka zo ta Sudan, shi kuma a nan aka haife shi, Larabci ya fi masa sauƙi. Da farko dariya ya yi.

"Ya usta, shayi za ka haɗa wa kifin?" Usta suke ce wa gwanin sana'ar hannu a nan.

"I, mai madara," in ji Labaran.

A ranar nan Labaran ya kama kifi bakwai, Hisham ya kama rana a ƙeya. Daga nan ya fara roƙo, Labaran kuma ya dinga ba shi.

A shekarar 2015 Hisham ya ɗauki bidiyo a waya ya tura wa ƙungiyar masu kamun kifi. Hannun Labaran ne a ciki yana murɗa ƙarfe, fuskarsa ba ta fito ba. Muryar Hisham tana cewa dabararsa ce, wannan kuma yaronsa ne da ya koya wa. Yaro. Mutumin da ya girme shi da shekara ashirin. Kafin wata biyu duk Shu'aiba ana cewa cokalin Hisham.

Labaran bai yi faɗa ba. A hanyar dawowa ya ce masa a hankali, "Hisham, ko ba ka faɗi sunana ba, da ba ka ce yaronka ba."

"Halas, shi ke nan, ya usta. Idan ka gaji da motata ka faɗa."

Asabar ta gaba Labaran ya tsaya a bakin titi da jakarsa tun bayan Asuba har rana ta ɗaga. Motar ba ta zo ba. Ba ta sake zuwa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Hisham bai daina aikowa a karɓar masa cokali ba, Labaran kuma bai daina bayarwa ba. Na ce masa, "Kai wane irin mutum ne? Ya hana ka zuwa teku, kana ba shi aikin hannunka?" Ya yi murmushi ya ce, "Kabo, idan ban ba shi ba, ta ina cokulan za su ga teku?" A cikin durom ɗin ruwa na bayan shago yake gwada su. Ya ja zare daga wannan baki zuwa wancan, ya sunkuya yana kallon walƙiyar. Shekara biyu haka. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi a 2017, bai sake ganin Shu'aiba ba. Allah ya jiƙanka, ɗan'uwana.

Hisham ya zo gaisuwa yana ƙamshin turare. Bai gama addu'a ba ya tambayi Rabi ta bayan labule ko usta ya bar akwatin cokula.

"Ya bari," in ji ta. "Yana hannun Malam Kabo."

Gwangwanin madara ne babba, cike da cokula gyararru, fiye da ɗari biyu. Duk wanda ya yi ya ba Hisham, ashe ya yi uku ya ajiye.

Na nemi wani mai a-kori-kura da ke kai ƙanƙara Shu'aiba, ya yarda in dinga bin sa. Wannan abu da na yi shi Labaran yana raye, da ya sake ganin teku. Ban yi ba. Wannan laifin nawa ne, kuma ina sane.

Ban iya kamun kifi ba, ba shi ya kai ni ba. Na bi bakin ruwa mutum bayan mutum, Balarabe, Bayamale, Ba'indiye, namu, kowa sai in miƙa masa cokali biyu kyauta. Sharaɗina ɗaya ne: ya ce cokalin Labaran, ya yi masa addu'a. Wasu suka ce ai na Hisham ne. Na ce to ga shi can, a je ya yi wa mutane ɗaya a gani. Idan na zo inda Hisham yake sai in tsallake shi, in miƙa wa na kusa da shi.

Duwatsun teku suna cin ƙugiya, kowa ya sani. Na Hisham suka dinga ƙarewa. Ya gwada yin nasa, ba sa wulwulawa, sai su tafi a kwance, ko su nannaɗe zare. Ina zuwa duk Asabar in zauna a kan duwatsu ina kallo. A sati na shida na ƙarshensa ya maƙale, ya ja, zaren ya tsinke. Na kusa da shi na dama da na hagu suna ta fitar da kifi.

Ya tako zuwa wurina, da Hausa a bakinsa yau.

"Baba Kabo, don Allah guda ɗaya."

Na buɗe jakata na fito da sabon cokalin shayi da almakashin Labaran da magagarinsa, na jera a kan dutse. Mutane suka matso.

"Ga kayan aiki. Ai dabararka ce. Yaron naka ya rasu, sai ka yi da kanka."

Ya dubi kayan, ya dubi mutane. Wani dattijo Bayamale ya ce, "Bismilla, ya Hisham, muna kallo." Bai taɓa almakashin ba. Da ƙyar ya ce, da Larabci yadda kowa zai ji, "Ba ni na yi ba. Usta Labaran ne."

"Maimaita a waya," na ce. "Inda ka faɗi na farko."

Ya ɗauko wayar ya faɗa, ya tura, sannan ya miƙo min hannu. Na tattara kayan, na rufe gwangwanin.

Da na gaya wa Rabi, ta ce, "Da marigayin ne, da ya ba shi." Na ce na sani. Saura goma sha tara a gwangwanin, kuma Hisham ba zai samu ko ɗaya ba.