Kwalbar Man Cika-gida

Ina zaune a gindin rumbu da ɗan littafina na soyayya a cinya, wani mai raƙumi daga Sanam ya yi sallama. Ya ce Inna, mahaifiyar maigidana, ta rasu a can gidan ƙanwarta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya miƙo mini kwalba ɗaure da tsumma, ya ce ita ta ce a ba ni hannu da hannu.

Duk ƙasar Kurfai an san Inna da man zurma. Takan soya ƙwayar, ta daka, ta tafasa, ta kwashe man da ya taso. Ta ba wanda cikinsa ya kulle, ta shafa wa mai kaushi, ta yi wa raƙuma maganin ƙazwa. Yaro ba ya kusantar turminta. "Ƙwayar kisa ce, man magani," in ji ta. "Wuta ta raba su."

Ba ta san baƙi ba, amma ita ke zuba wa fitilata mai. "Karanta ƙaryar Nasara, ɗiyata. In sun yi armen ki gaya mini."

Da na binne ɗana na biyu, ba ta yi mini dogon wa'azi ba. Ta shuka zurma a bayan ɗakina, ta ce, "Mu cika-gida muke ce mata. Kina ji?"

Bana gardawan kumandan, 'yan dokan Nasara mai mulkin ƙasar, suka bi gida-gida suka kwashe ƙwayar, wai man jirgin sama za a yi. Inna ta ɓoye kwalba guda a zaninta. Ta dubi cikina ta ce wannan ta jinjiri ce, da ita za ta shafe shi ranar da ya faɗo.

Mai raƙumin ya ce ciwon ciki ne ya kama ta, ya kulle. Ƙanwarta ta roƙe ta ta sha ko cokali guda.

"Ba nawa ba ne," ta ce. "Yana da mai shi."

Ban sani ba, da ta sha, ko da ya tashe ta. A littattafaina, maganin yakan iso kan kari. Nata yana ƙarƙashin matashinta.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata, Ya sanyaya makwancinta. Ya ba maigidana da 'yan'uwansa haƙuri. Wanda ke motsi a cikina kuma, ya Allah, Ka bar mana shi, har a kwance tsumman nan.