Muhammadun da Ba Shi da Gida a Hindawiyya

Har yau ranar da dattawa uku suka shigo maktab ɗinmu, wato ofishinmu na unguwar Rusaifa a Makka, ba ta fita daga raina ba. Cikin shekarun 1430 na Hijira ne, ina karatu da safe, da yamma ina aikin ƙididdiga a wata ƙungiyar taimako mai duba lafiyar tsofaffi. Ni da na tashi da allo da ajami a Zariya, sai Allah Ya ɗora ni kan manhajar ƙididdiga, mai layuka da gidaje kamar hatimi.

Ga yadda aikin yake. Ma'aikatan jinya su auna sukarin tsoho su kawo mana. In an auna mutum fiye da sau ɗaya, manhaja ta haɗa awon ta fitar da matsakaici. Wanda nasa ya haura iyaka, likita zai riƙa bin sa gida kyauta. Da abu biyu manhaja take gane mutum: cikakken suna da ranar haihuwa. Mudir, shugaban ofishin, shi ya tsara haka, ni da abokin aikina Faisal, haifaffen Makka jikan Kanawa, muka ga ya yi kyau.

Bayan La'asar sai ga su. Na gaba dogo ne, yana dogara sanda.

"Wa ya aiko mini saƙo wai lafiyata ƙalau? Ni da takalmi ya ƙi shiga ƙafata?"

Faisal ya ce, "Sannu ya ammi, baffana. Sunanka?"

"Muhammadu Abubakar Hausawi."

Faisal ya buga. "Ga ka nan. Ma sha Allah, ka fi ni lafiya. Sau uku aka auna ka."

"Sau ɗaya aka soke ni, ɗana."

Na tambayi na biyu, wani gajere, sunansa. Muhammadu Abubakar Hausawi. Na ukun ba ya ji sosai, sai da na ɗaga murya. Shi ma haka. Ranar haihuwa kuwa, dukkansu ɗaya ga Rajab, shekara guda.

A ƙasar nan, wanda bai san ranar haihuwarsa ba, ɗaya ga Rajab ake rubuta masa. Su ukun tare aka yi musu takardu, mai rubutu ya dube su ya yanka musu shekara ɗaya. Hausawi kuma gidaje da yawa ke amsa shi a unguwar Hindawiyya. Duk mun san wannan, kakan Faisal ma ɗan Rajab ne. Manhaja ce kaɗai ba wanda ya gaya wa. Ta ɗauki sukarin Dogo da ya yi sama, ta haɗa da na abokansa, ta raba uku.

Da na yi musu bayani, Gajere ya ce, "Wato lafiyata kuka ɗiba kuka ba shi? Ni da nake shan shayi salam tun kafin a haife ku?"

Dogo ya ce, "Kwantar da hankalinka, ko ɗigo bai iso ni ba."

Na ukun ya ce, "Me suke cewa?"

"Wai mu da kai mutum ɗaya ne."

"A'uzu billahi. Ni ban taɓa makara Asuba ba."

Mudir ya fito yana bayanin cewa lissafi bai yi kuskure ba, matsakaicin daidai yake. Dogo ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Na yarda, Dokta. To shi wannan Muhammadun mai lafiya, a wane gida yake? Mu je mu gaishe shi."

Mudir ya sa muka ƙara gidan laƙabi da na garin asali, muka sake lissafi tun daga farko. 'Yan Rajab da dama suka rabu da juna, sunan Dogo ya fito cikin na sama. A makon likita ya fara zuwa gidansa, cikin ikon Allah ƙafar ta saɓe.

Abin da na koya shi ne, manhaja tana yin abin da aka ce mata da gaskiya, amma sanin mutane aikinmu ne. Har na bar wurin, ban ƙara sa hannu kan wani matsakaici ba sai na tambayi kaina a wane gida yake.