Kunyar 'yar fari

Ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye kusa da Mai'adua lokacin da masu bincike suka zo daga birni neman yara masu buƙata ta musamman. An ce duk yaron da suka tabbatar za a sama masa gurbi a makarantar kurame ko ta makafi. Nan take na tuna da 'yar maƙwabciyata, kurma ce, amma ido gare ta kamar me. Kullum tana laɓe a tagar ajina tana kwaikwayon rubutu a ƙasa da tsinke.

Shari'a na tashe a lokacin, ba namijin da zai faɗa gidan matan aure. Da na kai su gidan, shugaban tawagar ya tsaya a zaure, uwar tana bayan zana, ni ina tsakani. Maigidan ya tafi Kongolam, can bakin iyaka, da awaki.

"Akwai kurma a gidan nan?"

"Akwai wata yarinya dai," in ji uwar.

"'Yarki ce?"

Shiru. Yarinyar 'yar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta ce wa baƙo nata ne. Mutumin nan Bahaushe ne, ya san haka sarai. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, kunyar 'yar fari ce. Bari in fito da ita ka gani."

Ya ce ƙa'ida ita ce a ji daga bakin iyaye. Ya juya ga abokin aikinsa yana murmushi, ya ce, "Ka gani ko? Ƙyamar nakasassun 'ya'yansu suke yi." Wallahi murna na gani a fuskarsa, ya samu abin da ya fito nema. Suka shanye furar da matar ta dama musu, suka hau mota.

Matar da ta ƙirƙiro wa 'yarta maganar hannu ita kaɗai, ita ake cewa tana ƙyama! Mutum ya yi karatu har ya gaji, amma ya kasa jira a kira kakar yarinyar daga maƙwabta ta ba da shaida.

Bayan la'asar uwar ta shigo gidana, ta zauna a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Malama," ta ce, "in za su dawo, zan faɗa. 'Yata ce."

Ban taɓa jin wannan kalma a bakinta ba. Ba su dawo ba.