Mayaƙa da Fartanya

Muna zaune a unguwar Longsight ta Manchester makaranta ta ba 'yata aikin gida: ta yi surfanin yaƙin Normans da Saxons a ƙyalle, irin na wani tsohon zane da Turawan dā suka ɗinka. Ni kuwa ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba. Sai muka hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, inda mahaifiyata Hajiya, gwanar ɗinkin hula, ta zo hutu gidan yayana.

Yarinyar ta yi mata bayani da bakinta na 'yan Manchester: "Kaka, Nomans ne suka yi winning."

"Manoma?" in ji Hajiya. "Allah sarki, ashe nan ma ba a bar su sun huta ba!"

Na buɗe baki zan gyara, yayana ya taka min ƙafa. Washegari Hajiya ta miƙo ƙyallen: ga mayaƙa a kan dawaki, kowa da malfa, kowa ya ɗaga fartanya. Muka yi dariya har da hawaye, yarinyar tana tsalle tana ihun ba haka ba ne.

Hajiya ko a jikinta. Ta cije zare ta ce, "Ke tafi can! Mutumin da aka ci wa gona, da me kike so ya yi faɗa?"