Gyadar Da Mota Ba Ta Taka Ba

Kakar bana shekara tara ke nan da rasuwar 'yata Rahinatu. Tana da shekara takwas mota ta kaɗe ta a titin da ya ratsa ƙauyenmu, tsakanin Ƙaraye da Rogo. Da tana raye da yanzu ta gama sakandare, tana yi min gardama a kan abin da za ta karanta. Ni malamin firamare ne, na yi ritaya, kuma kamar kowa a garinmu ina noman gyada.

Wanda bai san mu ba, bari in gaya masa yadda muke yi. Tun da aka zuba mana kwalta muka gano babu wurin shanya kamarta: ba ƙasa, ba tsakuwa, ga zafi. Da kaka ta yi sai kowa ya share rabin titi, ya baza masararsa ko gyadarsa, ya jera duwatsu don kada taya ta hau. Sannan a ɗauko yaron da bai isa zuwa gona ba, a ba shi tsumagiya a ce ya kori awaki. Babba ba ya jiran shanya, wai aikin yara ne.

Ranar kasuwar Rogo ce, wajen azahar, motoci na ta wucewa. Ni da kaina na zaunar da Rahinatu jiran gyadata, na ce idan akuya ta ci ko ƙwaya ɗaya za ta gamu da ni. Yarinya ce mai ɗaukar magana da gaske, in ka ce ta share tsakar gida sai ta haɗa da zaure. Akuya ta zo, ta bi ta da tsumagiya, akuyar ta yi ɗaya rabin titin, ita ma ta bi. Wata motar haya ta taho a guje. Da direban ya karkata ya hau kan gyadata, da ya wuce yarinyar. Bai karkata ba, birki ya taka, birkin bai isa ba.

A gaban mai unguwa na tambaye shi dalili. Ya ce, "Malam, wallahi hannuna ne ya ƙi. Sati biyu da suka wuce na taka masarar wani a nan garin, aka jawo ni aka lakaɗa min duka, aka fasa min gilashi. Tun ranar in na ga shanya, jikina ke guje mata kafin in yi tunani."

Ina wurin ranar da aka dake shi. Ban ɗaga hannu ba, ai ni malami ne. Ni ne dai na tsaya a kansa ina masa huɗuba a kan darajar abinci, har ana cewa Malam ya iya magana. Ya gane ni, na gane shi. A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa samun ɗalibin da ya riƙe karatuna kamar wannan direban ba.

Kafin mu dawo daga maƙabarta maƙwabta sun kwashe gyadar sun zuba a buhuna. Wani dattijo ya riƙe hannuna a wurin zaman makoki, ya yi min ta'aziyya, ya ƙara da cewa Allah ya taimaka gyadar ba ta taɓu ba. Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa har yau ban iya manta masa ba. Da man gyadar nan aka toya wainar sadakar arba'in ɗinta. Mahaifiyarta, Hajara, ba ta ƙara sa gyada a bakinta ba.

Nakan tambayi kaina abin da Rahinatu za ta ce in ta ga garin yau. Bayan rasuwarta mun tara ƙasa mun yi tudu biyu a titin don motoci su rage gudu. Sun rage, mu kuma muka ga dama ta samu, shanyar ta ninka ta da. Kowa cewa yake kwananta ne ya ƙare. Na yi imani da haka. Amma ban ga wanda ya bar gyadarsa ga ƙaddara ba, duwatsu muke jera mata. Ina jin haushin garinmu, kuma na fi jin haushin kaina.

Ƙanena Sale ya haifi mace shekara biyu bayan abin, ya mayar mata da sunan Rahinatu don ya faranta min. Yanzu shekararta bakwai. Shekaranjiya na fito na gan ta zaune a daidai wurin, da tsumagiya a hannu.

Na sami Sale a ƙofar gida na ce, "Sunan kawai ka mayar, ko har da wurin zaman?"

Ya ce, "Yaya, to a ina zan shanya? In ta yi fumfuna me za mu ci? Ai na ja mata kunne."

Nima na ja wa tawa kunne. Ban tsaya ja-in-ja da shi ba, na je na karɓi tsumagiyar na ce ta tafi gida. Na zauna da furfurata ina korar awaki, masu wucewa na dariya wai Malam ya sami sabon aji. Na ji sanyi a raina, na ce ko ba komai yau na raba yaro ɗaya da titi.

Da azahar ta yi sai na ji an kira ni daga ƙetare: "Baffa, ga abincinka." 'Yar Sale ce, uwarta ta aiko ta don a girmama ni. Tana tsaye a bakin kwalta da kwano a hannu biyu, an gaya mata in miyar ta zube za ta sha duka. Mota na tahowa daga wajen Ƙaraye. Na miƙe ina ɗaga mata hannu ta tsaya, ban san ƙafata na iya gudu haka ba. Na cim mata tana shirin sa ƙafa, motar ta wuce ta gabanmu.

Abin da ya rage min na 'yata ke nan bayan shekara tara: sunanta a kan wata yarinyar da muka koya wa abin da muka koya mata. Ko da na damƙe kafaɗarta ba ta san mota ta wuce ba, idonta na kan kwanon. Ta ɗago ta ce, "Baffa, ka ga ban zubar ba."