Alawar Baba Yusuf

Ina shiga ɗakin magani na tarar da Baba Yusuf, wani dattijo Ba'indiye, ya maƙala 'yar tutar ƙasarsu a aljihu yana raba alawa. Lokacin ina aikin jinya a Riyadh, a shekarun alif ɗari tara da saba'in.

Ya ce yau ranar 'yancin kansu ce.

Na ga ya ware guda a takarda, na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "'Yata, wannan ta ƙanena ce. Da aka raba ƙasarmu ya faɗa Pakistan, ban ƙara ganinsa ba. Jiya ya sauka Jidda neman aiki. Gobe zan kai masa."

Sai da na share hawaye kafin na ci tawa.

Ku fa, wa kuke marmarin sake gani?