Manomin Rum da Shanun Aro

A cikin akwatin da mahaifinmu ya bari akwai wani littafin Turanci marar bango, gara ta ci gefensa. Mahaifinmu mai bishara ne, Turawan mishan suka ba shi littafin, kuma ban taɓa ganin ya buɗe shi ba. Ni na buɗe shi ina aji shida, tun daga nan mutanen Rum na da suka shige mini kai. A coci, da sojoji da karɓar haraji kawai muka san su. A littafin na iske su da abubuwan ban dariya. Kafin su fita yaƙi sai su watsa wa kaji tsaba, in kajin suka ci da zafi a ce akwai nasara, in suka ƙi a fasa tafiya. Wani sarkin yaƙinsu na jiragen ruwa, da kajin suka ƙi ci, haushi ya sa ya jefa su cikin teku ya ce to su sha. Aka kuwa ci shi da yaƙi.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare, tsakanin Malumfashi da ƙauyukanta, ba ajin da ya fita hannuna bai san kajin nan ba. Amma labarin da na fi so na wani manomi ne. Rumawa na da al'ada, in masifa ta taso sai su ɗauki mutum ɗaya su danƙa masa mulki duka na wata shida. Wata shekara abokan gaba suka kewaye rundunarsu, sai dattawan gari suka aika wa wani tsoho da ke zaune a 'yar gonarsa a hayin kogi. Manzanni suka same shi yana huɗa, jiki duk gumi. Suka ce ya sa rigarsa tukuna kafin ya ji saƙo, ya kira matarsa ta ɗauko masa daga bukka. Ya karɓi mulki, ya ceto rundunar, a kwana na goma sha shida ya ajiye komai ya koma gonarsa. Na ba da labarin nan a aji, na ba da shi a gindin mangwaron ƙofar gidanmu, na ba da shi a wajen biki. Kuma duk lokacin da nake ba da shi, fuskata nake gani a jikin tsohon.

Mu biyu ne maza a gidanmu. Ƙanena bai wuce aji huɗu ba, ya ce shi ƙasa ce ke kiransa. Na tafi makarantar horar da malamai, shi ya zauna a ƙauyenmu kusa da Gozaki da garma a hannu. Da na yi ritaya na dawo gida, gonata 'yan ƙwadago ke yi mini, nakan je da lema in duba. Shi kuwa yana da bijimai biyu, fari da ja, waɗanda ke gane tarinsa. Ba mai yawan magana ba ne. In ina ba da labarin Rum yakan zauna can gefe yana gyaran igiya, ban taɓa zaton yana saurare ba.

Shekara shida ke nan, ƙungiyar manoman ƙauyenmu ta rikice. Takin da aka samo a farkon damina ya zama abin faɗa, 'yan unguwar gabas na cewa an danne su, 'yan yamma na cewa ƙarya ne, har maganar ta fara ɗaukar kamannin coci da masallaci. Shugaban ya ajiye aiki ya tafi wajen ɗansa a Funtuwa. Taki na kulle a sito, masara na yin ja a gona. Sai matata ta dawo daga taron zumuntar mata da labari: dattawa sun zauna, sun ce gidan mai bishara za a je, ranar Talata da safe.

Ban tambayi wane ne a gidan ba. Wa zai tambaya? Ni ne babba, ni ne mai ilimi, ni na rubuta wa rabin ƙauyen nan takardunsu. Abin da ya dame ni ɗaya ne, kada su iske ni a kan kujera ina sauraron rediyo. Ranar Litinin na je wajen ƙanena na ce ya ara mini shanunsa, ina so in yi wa masarata huɗa da kaina.

Ya dube ni, ya dubi hannuwana. "Yaya, bari in zo in yi maka mana. Jan nan ba ya son baƙon hannu."

Na ce a'a, ni kaɗai nake so. Na sa matata ta goge mini babbar riga ta rataye kusa da ƙofa, na ce in ta ji na aiko ta kawo mini gona da kanta.

"Malam, rigar biki a gona?" Ta ƙunshe dariya. "Ko su mutanen Rum ɗin ne za su zo?"

Na sha mur.

Garma ba alli ba ce, wannan na gane kafin hantsi. Farin yana tafiya, jan yana tsayawa ya waiwayo ya kalle ni kamar yana neman takardar shaidata. Huɗar ta karkace, masarar da na tumɓuke ta fi wadda na rufe wa gindi yawa, tafin hannuna ya yi bororo. Gumi dai na same shi, wanda littafin ya faɗa har da ƙari. Can na hango babura biyu sun tsaya a bakin hanya, mutum uku suka sauko: mai unguwa, da wani dattijon cocinmu, da wani Alhaji mai sayen hatsi a kasuwar Bakori. Murna ta kama ni. Na ƙara riƙe garma, na yi kamar ban gan su ba.

Suka yi sallama, muka gaisa. Alhajin ya dafa wuyan farin bijimin, yana leƙen bayana.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Shanun muka hango daga hanya, muka ɗauka shi ne. Ina mai su?"

Na ce yana fadama wajen shinkafarsa. Muryata ce ta faɗa, amma ban san lokacin da ta fito ba. Suka yi mini fatan alheri, dattijon cocin har ya ce in riƙa hutawa saboda shekaru. Ina tsaye suka hau baburansu suka gangara. Da na mayar da shanun, na iske gidan ƙanena cike da mutane, shi yana tsugune da tsohuwar rigarsa ta gona mai ɓulallen hammata, yana cewa su dai nemi wani, shi bai iya rubutu sosai ba. Da na koma gida, matata ta cire babbar rigar daga inda ta rataye ta, ta mayar akwati.

Ƙyashi na yi, ba zan saka masa wani suna ba. Na yi ƙyashin ɗan uwana da muka sha nono ɗaya. Na zauna ina jiran ya kasa. Da ya zo neman in taimaka masa da rubuta sunayen manoma, na ce idona na ciwo. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi, washegari ya aiko mini da maganin ɗigawa daga Malumfashi. Sunayen kuwa bai rubuta ba. Ya sa aka fito da buhunan takin duka fili a gaban makaranta da rana tsaka, kowa na gani, ya bi gonaki da ƙafa shi da mutum ɗaya daga kowace unguwa, tunda ya san iyakar kowa tun yana yaro. Nasa kason ya ɗauka a ƙarshe, buhun da ya fashe. Cikin mako uku faɗan ya mutu. Ina jin mata a bakin rijiya suna yaba shi, abincin ranar ba ya yi mini daɗi.

Na ce a raina, bari ya ɗanɗana, zai liƙe kamar kowa. Masara na fara bunƙasa ya kira taro. Ya miƙe yana murza hularsa ya ce aikin da aka kira shi ya yi ya ƙare, shinkafarsa na neman sa. Aka yi ta roƙonsa, ya ƙi.

"Ba dabarata ba ce," in ji shi. "Yayana ne ke ba mu labarin wani manomi a ƙasar Rum, da ya gama abin da aka sa shi sai ya koma gona. Na daɗe ina jin abin ya yi daidai. In kuma mai riƙe takardu kuke so, ga shi nan zaune."

Mutane suka juyo suna kallona. Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Shekara hamsin ina ɗauke da mutumin nan a bakina, ashe wanda ke gyaran igiya a gefe ne ya tafi da shi. Ya kamata in ƙi. Na ma buɗe baki da niyyar in ƙi, sai na ji ina cewa tunda jama'a sun nema, ba zan watsa musu ƙasa a ido ba.

Ina kan kujerar har yau. Ba na cuta, takarduna tsaf suke, kowace shekara kuma nakan ce wa matata daga girbin bana na sauka. A gindin mangwaro yanzu labarin kaji nake bayarwa, ko na wani sarkin Rum da ya so ya ba dokinsa babban muƙami. Na manomin na daina.

Makon jiya na bi ta fadama na iske ƙanena yana wanke ƙafa a bakin ruwa. Muka zauna. Shi da ba ya tambaya, sai ya ce, "Yaya, shi wannan mutumin na Rum, da ya koma gona, bai yi kewar mulkin ba?"

Na ce littafin bai faɗa ba.

"Ni dai ban yi ba," ya ce, yana goge laka daga diddigensa. Ba gatse a muryarsa, na nema ban samu ba. Ya tambaye ni ciwon ido, na ce da sauƙi.

Za a sake zaɓe a wata mai zuwa. Daga fadamar ban nufi gida ba, na biya wajen mai unguwa na ce ya sa sunana.